Ranar da Kofur Ya Gudu da Tayoyin Kawu

Na rantse da Wanda ya yi ni, ba za ku yarda da wannan labari ba. Ban kuma ga laifinku ba, don ko cikin mutanen da aka yi abin a kan idonsu, har yau akwai masu cewa mafarki suka yi a tsaye.

A layinmu akwai wani mai walda da ake kira Minti-Biyar. Bakinsa ne ya raɗa masa sunan. Ko ƙofar gida ka kai masa, ko gadon ƙarfe, ko injin jirgin sama da za a samu, amsarsa ɗaya ce: "Wannan? Minti biyar." Akwai matar da ta kai masa gyaran murhu tana da ƙaramin ciki, ranar da ta karɓa 'yar da ta haifa ta fara haƙori.

Makaranta kuwa tun yana aji biyu na sakandare ya yi mata sallama. In ka tambaye shi dalili, sai ya ce malamin lissafi ne ya roƙe shi ya tafi, wai tambayoyinsa sun fara kunyata malamai a gaban ɗalibai. Shagonsa rumfar kwano ce jingine da katangar gidan kawunsa, ya rataya allo ya rubuta da jan fenti: INJINIYAN KOMAI DA KOMAI.

Shi Kawun tsohon direban babbar mota ne, shekara talatin da huɗu a kan titi bai taɓa take ko kaza ba. Ciwon suga ya sa aka yanke masa ƙafar dama daga ƙasan gwiwa, tun daga nan ya koma kan keken guragu. Wata takwas yana jiran layi a asibitin da ke kan tudu, inda ake auna wa mutane ƙafar roba, sai ga takarda: ranar Alhamis, ƙarfe goma na safe. A ƙasa an ja layi biyu an ce wanda ya makara sunansa zai koma ƙarshen jeri. Inna, matar Kawu, ta liƙa takardar a jikin madubi, ko ƙuda ba ta yarda ya sauka a kai.

To, a tsallaken titi akwai gidan burodi, kuma Mai Burodi yana da kare mai suna Kofur. Shekara bakwai Kofur yana gadin fulawa, ko ɓera sai da izini yake wucewa. Wata rana motar kawo kaya ta yi baya ta bi ta kansa, ƙafafun baya suka mutu. Aka ba Mai Burodi shawara ya huta da shi, ya ce shi ba ya sallamar ma'aikaci don ya ji rauni a bakin aiki. Ya shimfiɗa masa buhu a gindin bishiya. Wata biyar Kofur yana kwance, kyanwar gidan Mai Aski tana zuwa ta ci abinci a kwanonsa, ta lashe baki a gabansa, ta tafi ba gaggawa.

Ranar wata Asabar ana zaune a bencin ƙofar Tela, Mai Burodi ya miƙo waya.

"Ku duba ikon Allah. Kare ne fa, ƙafafunsa sun mutu kamar na Kofur, an yi masa keke yana gudu."

Minti-Biyar ya leƙa da gefen ido, ya taɓe baki.

"Wannan? Ai ni na fara tunaninsa tun shekaru uku, aiki ne ya yi mini yawa. Dubi waldarsu ma, kamar tofin yawu."

Tela bai ɗago daga kan keken ɗinkinsa ba. "Kai da in kare ya yi hamma kake hawa katanga?"

"Ba tsoro ba ne, girmamawa ce."

"Za ka iya?" Mai Burodi ya tambaya.

"Minti biyar."

Gaskiyar magana, akwai tsohuwar jiƙaƙƙa tsakanin Minti-Biyar da Kofur. Tun zamanin da karen ke da lafiya ya taɓa raba shi da bayan wando a bainar jama'a, kuma ba wanda ya manta a cikinsu. Don haka da aka zo awo, Tela ya miƙo tef ya ce a bar shi ya auna, tunda sana'arsa ce, sai Minti-Biyar ya yi dariya irin ta manyan masana.

"Tef na masu ɗinkin riga ne. Mu a kimiyyance inuwa muke aunawa. A aji biyu aka koya mana, ko dogon bene ba sai ka hau ba."

Abin da bai faɗa ba shi ne, ranar da aka fara wannan darasi ita ce ranarsa ta ƙarshe a makaranta, rabin farko kawai ya ji.

Mai Burodi ya zura tawul a ƙarƙashin cikin Kofur ya tsayar da shi. Minti-Biyar ya tsaya a hayin kwata, ya sa aka zana inuwar da gawayi, sai da aka mayar da karen kan buhu sannan ya tsallako ya auna zanen. Lokacin rana ta yi sanyi, ta kusa faɗuwa.

Ranar Litinin ya fito da keken. Mutum biyu suka taya shi ɗauka. Da aka sa Kofur a ciki, sai ya zama kamar an ajiye cokali a cikin baho.

Tela ya zagaya shi sau biyu. "Jakin wa ya karye?"

"An bar masa wurin girma ne."

"Karen shekara tara?"

Minti-Biyar ya ce ranar ce ta yi masa ƙarya, ya sake awo washegari da tsakar rana. Keken da ya fito a wannan karon, wutsiyar Kofur ce kawai ta shiga. Mai Aski ya ce a ajiye masa, ko Allah zai sa kyanwarsa ta gamu da tsautsayi.

A nan ne fa ilimin aji biyu ya yi rana. Minti-Biyar ya haɗa awon farko da na biyu ya raba biyu, ya yanka bututu ya yi walda. Kuma, don dai Allah ba ya barin wani don wani, keke ya zauna wa Kofur ɗas, kamar a jikinsa aka haife shi. Saura taya. Ya gwada ta baro, Kofur ya ja sau ɗaya, bai motsa ba, ya waigo ya yi masa wani kallo, ya kwanta. Ya gwada ta keken yara, gindin kare ya yi sama, hancinsa ya shiga ƙasa. Jama'ar benci suka fara kawo kujerunsu daga gida.

"Gobe ma akwai?" Tela ya tambaya. "In sani in rufe shago da wuri."

Ana cikin wannan hali ranar Laraba da rana Kawu ya sa aka kira Minti-Biyar. Ya tarar da tsohon ya sauka daga kekensa ya zauna a kan tabarma a zaure, ya jingina da bango.

"Ɗan nan, tayoyin gaba suna kuka. Giris za ka sa musu. Giris kawai."

"Wannan? Minti..."

"Rufe mini baki. Kada ka kwance komai. Kada ka inganta komai. Bara da ka inganta shi, ya daina naɗewa, ko a tasi ba ya shiga."

Inna ta leƙo daga tsakar gida, hannunta duk kumfa. "Malam, da ka haƙura da kukan nan har mu dawo. Kuka ai bai hana tafiya."

"Ke ba ki san mota ba. Shekara talatin da huɗu ban taɓa shiga tasha da mota mai ƙara ba, ba zan fara a gaban likita ba."

Minti-Biyar ya turo keken zuwa rumfa, yana tafe yana ƙii-ƙii, ƙii-ƙii. Ya kifa shi, ya ɗauko gwangwanin giris. Sai idonsa ya sauka a kan tayoyin gaban nan biyu. 'Yan ƙanana, baƙaƙe, roba mai laushi, marasa nauyi. Ya waiga ya kalli keken Kofur da ke jingine ba taya. Ya sake kallon na Kawu. Ya ajiye gwangwanin bai ko buɗe shi ba.

Shi dai a ransa aro ne. Gwaji kawai zai yi ya ga girman da ya dace, ya mayar. Noti biyu ne, ba wanda zai sani.

Da aka ɗaura wa Kofur, layi ya cika har da mutanen da ba 'yan unguwa ba. Minti-Biyar ya hau kan wata tsohuwar taya ya yi jawabi a kan kimiyya da hassada, ya ce akwai waɗanda aikinsu ɗinke maɓalli, akwai waɗanda aikinsu ɗinke rayuwa. Sannan ya ba da umarni a saki kare.

Kofur ya taka ƙafar gaba. Keke ya biyo shi. Ya sake takawa. To, tayoyin gaban keken guragu juyawa suke ta kowace fuska, wannan kuwa bai shiga lissafin injiniya ba. Da Kofur ya ƙara sauri, sai gindinsa ya fito ta dama ya wuce kansa. Ya tsaya yana kallon wutsiyarsa da ta riga shi isa.

"Ka ga kare mai rabas," in ji Tela.

"Da gangan ne. Don ya riƙa gadin gaba da baya lokaci guda."

Amma Kofur ya fi wanda ya ƙera masa keken saurin ɗaukar darasi. Sau uku ya yi juyi, a na huɗu ya gano cewa in ya karkata kafaɗa, gindi na bin sahu. Ya miƙe sak. Ya ɗaga hanci ya shaƙi iska. A daidai lokacin kyanwar Mai Aski ta fito, kamar yadda ta saba, za ta kwano.

Abin da ya biyo baya ba a ba da labarinsa a zaune. Kyanwa ta bi ta ƙarƙashin benci, Kofur ya bi ta, gindinsa ya kwashe ƙafafun mutum uku. Ta shiga shagon aski, ya shiga, mai askin ya fito ta taga, wanda ake yi wa askin ya fito da rabin kai. Suka bi ta gaban mai kayan miya, tumatir ya yi ta kansa. Duk inda suka nufa sai ka ji ƙii-ƙii, ƙii-ƙii, yana nisa, yana dawowa.

Mai Burodi ya rungume Minti-Biyar yana hawaye, fulawa duk ta shafe masa riga.

"Allah ya yi maka albarka. Allah ya jiƙan mahaifa. Na ɗauka ba zan sake ganin gudunsa ba."

Jama'a suka ɗauki tafi. Wani ya ce ashe dai ana raina mutum ne. Minti-Biyar ya buɗe baki zai ce aro ne, sai ya ji tafin ya yi daɗi, ya mayar da maganar ciki.

Tela ya matso kusa da kunnensa. "Tayoyin nan kamar na san su."

"Taya ai duk kama suke. Zagaye ne."

Da yamma Kofur ya dawo don kansa, harshe a waje, ya cinye kwano biyu, ya kwanta da kekensa a jiki. Minti-Biyar ya lallaɓo da sufana a bayan riga, ya ce zai ɗan duba noti. Tun yana taku biyar Kofur ya ɗaga leɓe ya nuna masa haƙoran da suka san ɗanɗanon wandonsa. Ya jefa masa burodi. Karen gidan burodi. Ko kallo bai ishe shi ba.

"Bar shi ya huta," in ji Mai Burodi. "Ni ma da na taɓa ɗamarar keken sai da ya yi mini gurnani. Ya ɗauka za a ƙwace."

Inna ta leƙo rumfa tana tambayar keke. Minti-Biyar ya tare ƙofa da jikinsa, ya ce giris ɗin na ƙasar waje ne, sai ya kwana yake kamawa. Ta ce ita dai ba ta taɓa jin giris mai barci ba, ta koma. Kawu ya kwana ba keke, ko ban ɗaki sai da ta riƙe shi.

Gari na wayewa Minti-Biyar ya hau binciken tarkacen shago. Ya samo taya guda a jikin wani akwatin tafiya, ya samo wata a gindin wani janareta da aka kawo gyara tun bara. Ta akwati kamar murfin kwalba, ta janareta kamar faranti. Ba wadda ke juyawa dama ko hagu. Ya ƙara wa ƙaramar tsawo da guntun ƙarfe, ya ɗaure da waya, ya ɗiga walda, ya shafe su duka da baƙin fenti. Ya ja da baya ya kalla, ya ce ko kamfanin sai sun sa tabarau.

Ƙarfe tara da minti goma ya shigo da keke ta baya-baya. Kawu ya yi wanka, ya sa babbar rigarsa fara, ya goge takalmin hagu yana ƙyalli. Na daman yana cikin leda a hannun Inna, don takardar ta ce a zo da shi. Wata takwas takalmin nan yana ƙarƙashin gado, jiya ta fito da shi ta goge.

Aka ɗora Kawu, rigarsa ta sauka ta rufe gaban keken. Ya tura kaɗan ya kasa kunne. Tsit.

"Ikon Allah," ya ce. "Yau ɗan nan ya yi aiki."

"Ai Kawu ni ba a gane ni ne kawai."

"Warin fenti nake ji," in ji Inna.

"Giris ɗin ne. Haka na waje yake."

Kawu ba ya yarda a tura shi a kan shimfiɗaɗɗen titi, ya ce direba ba ya zama fasinja a motarsa. Ya kama manyan tayoyin ya fita, maƙwabta na yi masa fatan alheri. Ya tura, keke ya yi hagu. Ya gyara, ya sake yin hagu. Ya ƙara ƙarfi, keke ya zana wani kyakkyawan da'ira a tsakiyar titi, ya wuce gaban Tela, ya wuce gaban Mai Aski, ya zo ya tsaya a ƙofar gidan da ya fito.

"Sannu da dawowa, Baba Direba," in ji Tela. "Ya ƙafar?"

Kawu ya juyo a hankali wajen Minti-Biyar. "Ɗan nan, motar nan tana ja hagu."

"Titin ne ya karkace, Kawu. Na daɗe ina faɗa wa hukuma."

"Jiya a miƙe yake."

"Da daddare ya motsa."

Kawu ya sake gwadawa, wannan karon da ƙarfin mutumin da agogo ke bi. Taku goma, aka ji ƙas. Wani ɗan baƙin abu ya fito daga ƙarƙashin farar riga, ya gangara, ya yi rawa a bakin kwata, ya tsaya. Keke ya durƙusa ta gaba. Ba don Tela ya yi tsalle ya tare kafaɗar Kawu ba, da tsohon ya sumbaci kwalta.

Inna ta sunkuya ta ɗauki abin, fenti ya kama mata yatsu. Ta juya shi, ta sake juyawa.

"Wannan ba tayar akwatina ba ce? Wanda na ba ka gyaran hannu tun auren ƙanwarka?"

Mai Aski ya durƙusa ya ɗaga gefen rigar Kawu. "Wannan kuma ta janaretana ce. Kai ka ce mini kana jiran kaya daga waje!"

Kawu ya tattare rigarsa ya leƙa ƙasa. Ya daɗe yana kallo. Gefen farar rigar ya yi baƙi.

"Ina tayoyina?"

Minti-Biyar ya gyara murya. "Kawu, da na buɗe su, abin da na gani ba zan iya faɗa a gaban mata ba. Sun ruɓe. Tsatsa ta cinye su har ƙashi. Da ka hau su yau, da wani labarin ake. Na jefar da su don ceton ranka, ban kuma nemi godiya ba."

"Ina ka jefar?"

"Nesa."

Sai Kawu ya ɗaga hannu. "Ku yi shiru."

Aka yi tsit. Daga can bayan gidan burodi wani sauti ya taso, siriri, yana matsowa. Ƙii-ƙii. Ƙii-ƙii.

"Tsuntsu ne," in ji Minti-Biyar.

"Boris ɗin tayar hagu ne," in ji Kawu, idonsa a rufe. "Sau biyu yake kuka ya huta. Wata uku ina jin sa a ƙarƙashina."

Kofur ya ɓullo daga kwana, ƙirji a buɗe, wutsiya na kaɗawa, gindi na bin sahu kamar tirela a hannun gwani. Ya ratsa taron, ya zo gaban keken Kawu ya tsaya. Tsoho ya kalli kare, kare ya kalli tsoho. Sannan su biyun suka kalli Minti-Biyar.

"Ashe nesan ba ta da nisa," in ji Tela.

Minti-Biyar ya waiga neman hanya, ya tarar Mai Aski ya riƙe masa ƙugun wando, wanda aka yi wa rabin aski jiya ya riƙe ɗaya gefen.

Mai Burodi ya iso da gudu, ya ga abin da ake ciki. Ya cire hula.

"Baba, wallahi ban sani ba. Da na san naka ne, ko da wasa... Yanzu zan kwance."

Ya durƙusa ya kai hannu kan ɗamarar. Wannan karon Kofur bai yi gurnani ba. Kwantar da kunnuwa ya yi, ya sa kai a ƙasa tsakanin ƙafafunsa na gaba, wutsiyar ta daina motsi.

"Ƙarfe nawa?" Kawu ya tambaya.

"Tara da rabi har da biyar," in ji Inna. "Malam, wata takwas fa."

"Na sani. Ni na zauna su." Ya kalli Mai Burodi. "Ɗauke hannunka."

"Baba?"

"Na ce bar masa. Wata takwas ina kallon bangon zaure, na san abin da ya gani a kan buhun nan. Jiya ya tashi, ba ni zan mayar da shi ba."

"To kai fa?" in ji Inna. "Keken ba ya shiga tasi, gaba kuma ba taya."

"Wa ya ce babu? Na baya lafiyarsu ƙalau. Na gaba kuwa ga su nan tsaye, guda biyu, sanye da silifa." Ya nuna ƙafafun Minti-Biyar. "Zo nan, Injiniya. Kama hannun keken. Danna ƙasa, gaba ya tashi. In ka bari gaban nan ya taɓa ƙasa sau ɗaya kafin mu isa, ka kwashe rumfarka daga katangata yau."

"Kawu, tudu ne fa."

"Ai ka ce titi na motsawa. Roƙe shi ya kwanta."

Haka aka kama hanya. Kawu a kishingiɗe, ƙafarsa ɗaya a sama, yana ba da umarni kamar yana gaban mota mai taya goma sha takwas. "Rami a dama. Sa giya ɗaya. Kada ka taka burki a hawa, wa ya koya maka tuƙi?" Inna a gefe da ledar takalmi. Tela ya rufe shago ya biyo su, wai zai riƙa duba lokaci. Kofur na gaba yana buɗe hanya.

A rabin tudu gumi ya jiƙe Minti-Biyar har cikin silifa. Wata mata da ke saukowa ta tsaya tana kallon ikon Allah.

"Sabon samfuri ne, Hajiya," ya ce mata yana haki. "Ba ya cin taya."

"Yi shiru ka ja numfashi," in ji Kawu. "Injin da ke surutu a hawa mutuwa yake."

Goma saura minti uku suka shiga ƙofar asibiti. Ana kiran sunan Kawu karo na biyu, Inna ta ɗaga takalmi sama ta ce ga su nan. Minti-Biyar ya jingina gaban keken a kan wani benci, ya zame ya zauna a ƙasa, bakinsa a buɗe, ba kalma ko ɗaya a ciki. Tela ya ce tun da ya san shi bai taɓa jin ya yi magana mai ma'ana irin wannan ba.

Ma'aikaciyar ta auna Kawu da tef, ta rubuta, ta karɓi takalmin. Ta ce ƙafar za ta fito, amma sai ya riƙa zuwa gwaji da koyon tafiya duk Litinin da Alhamis, har mako goma sha biyu. Sannan ta lura da gaban keken, ta sunkuya ta duba.

"Baba, me ya sami tayoyinka? Ai muna da irinsu a sito. Bari in sa a ɗauko maka, yanzu za a ɗaura."

Minti-Biyar ya ɗago kai daga ƙasa, idonsa ya kawo haske, har ya fara yunƙurin tashi.

"A'a, 'yata," in ji Kawu, yana gyara zaman hularsa. "Allah ya yi miki albarka. A ajiye wa wanda ba shi da ɗan 'yar'uwa."